In An Tuɓe Riga, Me Ya Rage?

A kasuwar Kejetia, a tsakiyar birnin Kumasi, akwai layin masu sayar da gwanjo, tufafin nan da ake kawowa dila-dila daga Turai da Amurka. Mutanen Asante suna ce musu "obroni wawu", wato Bature ya mutu, gama a ganinsu ba mai rabuwa da riga mai kyau haka sai wanda ya bar duniya. Wata ranar Asabar na bi ta layin tare da wani yaro daga cikin matasan ikilisiyarmu. Shekarunsa 16, amma sai ya sunkuya kafin ya shiga ɗakin mahaifiyarsa a Zongo. Muna cikin tafiya sai ya tsaya cak, ya zaro wata riga marar hannu daga cikin tsibi. Rigar ƙwallon kwando ce. A gabanta sunan wata kwaleji ta Amurka, a bayanta lamba da sunan mutum.

Ya ce, "Baba, ka gani? Irin wannan nake so in sa wata rana, tawa ta kaina, da sunana a baya."

Na ce, "Ɗana, mai wannan sunan fa, ina yake yau?"

Ya yi dariya ya ce, "Wa ya sani, Baba?"

Ya saya, muka wuce. Amma tambayar ta biyo ni har gida. Akwai ranar da wannan suna ya cika bakin dubban mutane a wani zauren wasa. Yau ga shi a ƙarƙashin tsofaffin wanduna, ana cinikinsa da sidi kaɗan. Ko mai sunan yana raye ko ya mutu, abu ɗaya tabbatacce ne: ya tuɓe rigar. To, sa'ad da mutum ya tuɓe rigar da duniya ta san shi da ita, me ya rage masa? Wannan ita ce tambayar da nake so mu duba tare, domin ta shafi 'ya'yanmu, ta kuma shafe mu.

Wasan kansa ba laifi ba ne

Bari mu fara kawar da wani kuskure. Akwai iyaye masu bi da suke ganin kowane irin wasa ɓata lokaci ne, ko ma hanyar lalacewa. Zai yi kyau su san inda ƙwallon kwando ya fito. A watan Disamba na 1891, a wata makarantar horar da ma'aikatan ƙungiyar samari Kirista ta YMCA a garin Springfield na Amurka, aka roƙi wani malami mai suna James Naismith ya samo wasan da samari za su yi a cikin ɗaki lokacin hunturu, sa'ad da sanyi ya hana fita. Naismith mutumin Kanada ne, ya yi karatun tauhidi, daga baya kuma ya yi karatun likita. Ya samo kwanduna biyu na 'ya'yan itace, ya kafa su a sama, ƙafa 10 daga ƙasa, ya rubuta dokoki 13. Har wa yau tsayin zoben ƙafa 10 ne. Manufarsa ita ce samari su sami lafiyar jiki da horon hali, ba tare da doke-doke ba.

Jiki kyautar Allah ne. Tsawo baiwa ce, sauri baiwa ce, hannun da ba ya kuskure zobe baiwa ne. Manzo Bulus da kansa, a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa, ya ɗauki masu tsere ya yi misali da su a kan horon kai. Saboda haka uban da ya hana ɗansa wasa don tsoro kawai, yana iya binne abin da Allah ya ba yaron. Matsalar tana wani wuri dabam. Baiwar jiki baiwa ce mai ƙayyadadden lokaci. Malami yana iya koyarwa da furfura, maƙeri yana iya ƙira har ya ga jikoki, amma gwiwar ɗan wasa tana yin ritaya tun mai ita yana saurayi.

Ƙofa ce ƙunƙunta

Yaranmu suna kallon manyan 'yan wasa a talabijin da wayar hannu, amma ba wanda yake nuna musu lissafi. A Amurka akwai jami'o'i da kwalejoji fiye da 350 a rukuni na farko na ƙwallon kwando na maza, 'yan wasansu sun haura 4,000. A bisa al'ada shekara huɗu ɗalibi yake da ita ta buga wa makarantarsa. Babbar gasar ƙwararru, wato NBA, kimanin mutum 60 take zaɓa a shekara, wasunsu ma daga waɗansu ƙasashe suke zuwa. Cikin 60 ɗin kuma ba kowa ne yake zama ba.

Ga misali daga ƙasarmu. Ben Bentil haifaffen Ghana ne, ya yi fice ƙwarai a Kwalejin Providence. A 2016 ƙungiyar Boston Celtics ta zaɓe shi a matsayi na 51, amma ta sallame shi kafin a fara gasar shekarar. A 2017 ƙungiyar Dallas Mavericks ta ba shi kwantiragin kwana 10, ya buga wasa uku, ya zama haifaffen Ghana na farko da ya taka filin NBA. Daga nan ya ci gaba da neman abincinsa da wasan a ƙasashen Turai. Wannan abin yabo ne, ba abin raini ba. Amma mai karatu ya lura: wanda ya riga kowa a ƙasar nan shiga wannan ƙofa, wasa uku ya samu. Ina ga dubban da ba su ko hango bakin ƙofar ba?

Hausawa sun ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Ba wanda ya fi ɗan ƙwallon kwando sanin gaskiyar wannan magana.

Wani yaro daga Zariya

Yanzu bari mu bi hanyar da kakanninmu fatake suka bi da goro, mu koma ƙasar Hausa. A Zariya wani yaro ya tashi mai suna Masai Ujiri. An haife shi a Ingila a 1970, iyayensa suka dawo da shi Nijeriya yana ƙarami. Mahaifinsa ɗan Nijeriya ne ma'aikacin asibiti, mahaifiyarsa likita ce 'yar Kenya. Kamar sauran yara, da ƙwallon ƙafa ya fara. Yana wajen shekara 13 ya gamu da ƙwallon kwando a filayen Zariya, inda wani Ba'amurke mai suna Oliver Johnson ya daɗe yana horar da matasa a Jami'ar Ahmadu Bello.

Ujiri ya sami hanya ya tafi Amurka. Ya buga shekara biyu a Kwalejin Bismarck, wata ƙaramar makaranta a jihar Dakota ta Arewa mai tsananin sanyi. Ya koma wata jami'a a jihar Montana, bai daɗe ba ya bari. Ya yi wajen shekara shida yana buga wa ƙananan ƙungiyoyi a Turai. A 2002 ya ajiye wasa. Bai taɓa buga ko minti ɗaya a NBA ba. Da a ce an tsayar da labarin a nan, da mun ce ga wani wanda mafarkinsa ya watse, rigarsa ta nufi kasuwar gwanjo.

Amma dubi abin da ya yi. Ya karɓi aikin zaƙulo matasan 'yan wasa domin ƙungiyar Orlando Magic, ba albashi. Da kuɗin aljihunsa yake tafiya gari gari, yana kwana a ɗakunan abokai, yana kallon wasa, yana rubuta rahoto. Mutumin da dā ake tafa masa, yanzu shi ne yake zaune a gefe da littafi da alƙalami. A 2003, tun ba shi da abin kirki a hannu, ya soma shirya wa yara sansanin horo a Nijeriya, aikin da ya zama ƙungiyar Giants of Africa. Ƙungiyar Denver Nuggets ta ɗauke shi aiki da albashi. A 2007 ya koma Toronto Raptors ta Kanada. A 2010 Denver ta kira shi ya zama babban manajanta, a 2013 aka zaɓe shi gwarzon shugabannin ƙungiyoyin NBA na shekara. A shekarar ya koma Toronto, a 2019 kuma ƙungiyar da ya haɗa ta ci kofin NBA, karo na farko da wata ƙungiya daga wajen Amurka ta ci shi. A 2025 ya bar wannan kujera, gama ita ma riga ce, ana sawa ana tuɓewa.

Me ya raka wannan mutum daga fili zuwa ofis? Tsallensa bai raka shi ba, gama tsalle ya ƙare. Abin da ya raka shi, shi ne abin da ya tara a gefe sa'ad da yake wasa: idon da ya koyi gane mutane, harshen da ya iya magana da babba da yaro, haƙurin yin aiki ba lada, da tawali'un komawa ƙasa a sake farawa. Waɗannan ba a ɗinka su a jikin riga, saboda haka ba a tuɓe su tare da ita. Ba a fafe gora ranar tafiya. Rayuwar bayan wasa tun ana cikin wasan ake gina ta.

Amma wani zai ce

Na san mai tunani zai tare ni a nan. Zai ce, "Malam, ka ce ƙofar wasa ƙunƙunta ce, sa'an nan ka kawo mana mutumin da ya shiga wadda ta fi ta ƙunci. Mutum nawa ne suka zama Ujiri? Ka musanya mafarki da mafarki ne kawai." Wannan magana gaskiya ce, ba zan kauce mata ba. In amsarmu ita ce, "Kada ka damu, bayan wasa za ka zama babban mutum ta wata hanya," to, har yanzu da riga muke auna mutum, launinta kawai muka sāke.

Mu mutanen Kumasi muna da abin da zai hana mu wannan ruɗu. Babban filin wasanmu sunan Baba Yara yake ɗauke da shi. Ɗan garin nan ne, ya buga wa Asante Kotoko da ƙungiyar ƙasa, har ana ce masa sarkin 'yan gefe na Afirka ta Yamma. A 1963, yana tsakiyar ƙarfinsa, motar da ta ɗauko 'yan wasa ta yi hatsari, ya sami rauni a ƙashin baya. Bai ƙara tafiya da ƙafafunsa ba. Ya rasu a 1969, yana da shekara talatin da 'yan kai. Rayuwarsa ta bayan wasa shekara shida ce ta jinya. Ba ofis, ba kofi, ba aiki na biyu.

To, a cikin waɗannan shekaru shida, darajarsa ta ragu a gaban Allah? In mun ce i, mun ce ke nan ƙafa ita ce mutum. In kuwa mun ce a'a, tilas mu yarda cewa akwai wani abu a cikin mutum wanda fili bai ba shi ba, gadon jinya kuma bai iya ƙwace masa ba. Littafin Farawa ya koya mana mene ne wannan abu: an halicci mutum cikin kamannin Allah. Wannan daraja tana kan jariri tun bai iya zama ba, tana kan tsoho bayan ya kasa tashi. Gwanin wasa bai fi gurgu ita ba ko da ƙwayar gero.

Rigunan Yusufu

A cikin Littafi Mai Tsarki akwai saurayin da labarinsa labarin riguna ne. Yusufu yana da shekara 17 mahaifinsa Yakubu ya fifita shi da riga mai ado. Wannan riga ita ce sunansa a gida, ita ce lambarsa. 'Yan'uwansa suka tuɓe masa ita, suka jefa shi a rami, suka sayar da shi. A Masar ya sami wata riga, ta amintaccen bara a gidan Fotifar. Ita kuma shi ne ya bar ta a hannun matar maigidansa ya gudu, domin ya gwammace ya rasa riga da ya rasa amana. Ta haka ya shiga kurkuku. Sai da ya kai shekara 30 Fir'auna ya sa masa rigar sarauta.

Mukan yi saurin kaiwa ga riga ta ƙarshe, domin ita ce mai daɗin wa'azi. Amma ku lura da shekara 13 da suke tsakani. Nassi ya nanata cewa Ubangiji bai rabu da Yusufu ba a gidan bauta, bai rabu da shi ba a kurkuku, wato a daidai lokacin da ba shi da rigar da za a san shi da ita. Yusufu na rami da Yusufu na fāda mutum ɗaya ne. Da a ce ya mutu a kurkuku, da bai zama mutumin banza ba. Sa'ad da kuma girma ya zo, me ya yi da shi? Ya tara hatsi ya ciyar da masu yunwa, har da waɗanda suka tuɓe shi.

A nan amsarmu take, tana da gefe biyu. Na fari, darajar mutum daga Allah take, saboda haka ƙarewar wasa ba ƙarewar mutum ba ce. Na biyu, baiwa amana ce, an ba mu ita domin waɗansu su amfana. Wanda ya riƙe gefe na fari ba zai karai ba ranar da tafi ya tsaya. Wanda ya riƙe na biyu ba zai rasa abin yi ba, gama masu bukata ba sa ƙarewa. Dikembe Mutombo na Kongo ya tafi Jami'ar Georgetown da niyyar zama likita, tsawonsa ya kai shi ƙwallon kwando. Bai zama likita ba, amma a 2007 aka buɗe asibitin da ya gina a Kinshasa da sunan mahaifiyarsa. Ya rasu a 2024, asibitin kuwa ya bar wa mutane. Ba kowa ne zai gina asibiti ba. Amma tsohon ɗan wasan da yake tara yaran unguwa da yamma, yana koya musu jifa da gaskiya da zuwa a kan lokaci, a kan wannan hanya yake tafiya, Allah kuma yana ganinsa.

Abin da yake wuyanmu

Ga iyaye ina cewa, ku bar yaro ya yi wasa, amma kada ku mai da shi gonar da iyali duka za su ci. Yaron da aka ɗora wa bashin gida a kan gwiwarsa, ranar da gwiwar ta karye ba zai iya dawowa ya dubi idonku ba. Na san wata gwauruwa a Zongo wadda ta sayar da keken ɗinkinta, ta ba wani mutum kuɗin domin ya ce zai samo wa ɗanta gurbin karatu da wasa a Amurka. Mutumin ya ɓace. Abin da ya fi asarar kuɗin ciwo shi ne, yaron ya riga ya bar makaranta shekara guda yana jiran tafiya. Ku sani, kwalejin kirki a Amurka tana duba takardun makaranta kafin ta bar ɗalibi ya buga mata. Wanda ya yar da littafi domin ƙwallo ya rufe wa kansa ƙofar ƙwallon ma. Ku tambayi yaro sakamakon jarrabawa da irin zumuɗin da kuke tambayarsa sakamakon wasa.

Ga ikilisiya ina cewa, mun iya murna da masu tafiya, ba mu iya tarbar masu dawowa ba. In yaro ya sami hanyar ƙasar waje, mukan kira shi gaban majami'a mu yi masa addu'a. In ya dawo bayan shekara biyar hannu wofi yana ɗingishi, sai ya zauna a bencin baya, in ma ya zo. Wa yake zuwa gaishe shi? Wane dattijo ne yake kai shi wurin mai sana'a ya ce, "Ga ɗanmu, koya masa"? A wannan lokaci ne giya da ƙwaya suke samun samari, domin wanda ya saba da sowar jama'a, shiru yana yi masa nauyi. Makiyayi na gari wurin wadda ta ɓace yake nufa. Ba 'yan wasa kaɗai ba: sojan da ya ajiye kaki, malamin da ya yi ritaya, faston da aka sauke daga aiki, kowannensu yana tsaye da rigarsa a hannu yana jiran ya ga ko har yanzu muna ganinsa.

Ga kai kuma saurayi, ina cewa ka yi wasa da dukan ƙarfinka, gama ragwanci ba ibada ba ne. Ka gode wa Allah saboda tsawonka. Amma kowace rana ka ajiye wani abu wanda ba ya bukatar gwiwa: karatu, sana'a, riƙon alkawari, sanin Maganar Allah. Ka tambayi kanka tun yanzu, "In aka ce gobe ba wasa, ni wane ne?" In ba ka da amsa, kada ka ji kunya, amma kada ka ƙara kwana ba ka fara nemanta ba. Almasihu bai mutu domin lambar da take bayanka ba. Dominka ya mutu, ya kuwa san sunanka tun ba a rubuta shi a kan kowace riga ba.

Yaron nan da muka je Kejetia tare, har yanzu yana sa rigarsa ta gwanjo, har lambar ta fara ɓarewa. Da yamma yana fili, amma mun yi yarjejeniya da shi da mahaifiyarsa: ba fili sai an gama aikin makaranta, ranar Asabar da safe kuma yana zuwa shagon wani ɗan'uwa mai gyaran lantarki. Kwanan baya bayan sujada ya same ni ya ce, "Baba, na yi ta tunanin mai rigar nan. Ina yi masa addu'a, ko yana ina." Na ce, "Madalla, ɗana. Allah ya san inda yake."

Ubangiji ya ba mu hikimar sa rigunanmu da godiya, ya ba mu alherin tuɓe su da salama in lokaci ya yi. Amin.